Bayan an cire ƙari a ƙwaƙwalwa: amsa ga matar direba a Garwa kan aiki, magani da bashi

Tambaya ta zo daga wata baiwar Allah a Garwa, arewacin Kamaru. Maigidanta direban babbar mota ne a wani kamfanin sufuri, shekara takwas yana jigilar kaya tsakanin Ngaundare da Njamaina. Wata huɗu da suka wuce aka yi masa tiyata a Yawunde, aka cire masa ƙari a ƙwaƙwalwa, likitoci suka ce meninjiyoma ne, ba sankara ba. An sayar da fili da shanu, an ci bashi, har yau ba a gama biya ba. Ya dawo gida da ƙafarsa, yana magana lafiya lau, amma yana saurin gajiya, yana mantuwa, kuma sau biyu farfaɗiya ta kayar da shi. Yanzu kamfanin ya ce ko dai ya koma bakin aiki, ko ya rubuta takardar ajiye aiki a ba shi ɗan abin da zai rage zafi. Tana so ta san wanne ya fi, da kuma yaushe wannan kashe kuɗi zai zo ƙarshe.

Malama, Allah ya ƙara wa maigida sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi. A cikin zaɓi biyun da kamfanin ya shimfiɗa masa babu wanda zan ce ya ɗauka. Kada ya koma kan sitiyari a halin da yake ciki, kuma kada ya sa hannu a takardar ajiye aiki, ko da an ajiye masa kuɗi a gabansa. Game da kashe kuɗi kuwa, gara ki ji gaskiya tun yanzu: zai ragu, amma ba zai ƙare a bana ba, mai yiwuwa ba zai ƙare a baɗi ba ma. Abin da na fi gani a aikina na bibiyar waɗanda aka yi wa irin wannan tiyata shi ne iyali sukan tattara dukkan ƙarfinsu a kan ranar aiki, su ɗauka da zarar mara lafiya ya farfaɗo an gama, alhali asarar da ta fi karya gida tana zuwa ne daga baya, a hankali, ta hanyar albashin da ya tsaya da kuɗin maganin da ba ya tsayawa.

Meninjiyoma yana tsirowa ne daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ya fi yawa a cikin nau'o'in ƙarin da ke farawa a cikin ƙoƙon kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi mataki uku, mafi yawansa kuma a mataki na ɗaya yake, wato mai girma a hankali. Wannan abin godiya ne. Sai dai cewar likita ba sankara ba ne ba alkawari ba ne cewa ba zai dawo ba. Dawowarsa ta dogara da matakinsa, da kuma ko an samu cire shi gaba ɗaya har da inda ya manne a jikin tantanin, kuma waɗannan bayanai biyu suna rubuce a rahoton tiyata da sakamakon gwajin naman da aka cire. Idan ba ku taho da takardun nan daga Yawunde ba, ki nemi wanda zai karɓo muku su, domin da su ne kowane likita zai tsara yawan hoton ƙwaƙwalwa na IRM da maigida zai riƙa yi: yawanci ɗaya a watannin farko bayan aiki, sannan shekara-shekara na tsawon lokaci. Hoto ɗaya yakan zarce albashin wata na ƙaramin ma'aikaci, idan aka tuna cewa tun Maris 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu sefa 60,000 ne, a fannin noma kuma 45,000.

Ga mutumin arewa kuɗin hanya yakan yi gogayya da kuɗin asibiti. Daga Garwa sai an hau mota zuwa Ngaundare, a kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, kuma mai farfaɗiya ba a barinsa ya yi wannan tafiya shi kaɗai, don haka komai ninki biyu ne. Wanda yake da dangi a unguwar Briketari ta Yawunde ya huta da kuɗin masauki, amma bai huta da kuɗin tasi da na abinci ba, balle idan aka ɗage masa ranar ganin likita da mako guda. Ki tambayi likitan da ya yi aikin ko zai yarda a riƙa ɗaukar hoton a nan arewa a aika masa, ko ya haɗa ku da likitan da ya fi kusa da ku, a bar tafiyar kudu sai lokacin da ta zama dole. Idan kuwa sakamakon gwaji ya nuna mataki na biyu, ko an bar wani ɓangare saboda yana kusa da jijiya mai haɗari, to ana iya buƙatar ƙona ragowar da haske, wanda ake yi kullum daga Litinin zuwa Juma'a na mako biyar zuwa shida, kuma hakan na iya nufin zaman Duwala. Gara a san da wannan tun da wuri a fara tanadi, da a ji shi kwatsam bayan an sayar da komai.

Babu wata inshorar gwamnati da za ta ɗauke muku wannan nauyi. A Kamaru kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, abin da ya sa ƙasar tana cikin waɗanda wannan kaso ya fi yawa a duniya. Shirin lafiya ga kowa da aka ƙaddamar da matakinsa na farko a Afrilu 2023 ya shafi yara ƙanana, mata masu ciki, masu cutar ƙanjamau, masu tarin fuka da masu wankin ƙoda, amma tiyatar ƙwaƙwalwa da abin da ke biyo bayanta ba sa ciki. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɓata miki lokaci da kuɗin mota yana tura ki ofis-ofis.

A cikin dukkan abin da za ku kashe, maganin farfaɗiya ne ba a taɓawa. Yadda gidaje suke faɗawa cikin matsala iri ɗaya ne kusan kullum: kuɗi ya yi ƙasa a tsakiyar wata, ƙwaya biyu a rana ta koma ɗaya, ɗayar a raba ta biyu da reza, daga nan a ce ai ya kwana biyu bai faɗi ba, bari a ɗan huta. Yanke wannan magani farat ɗaya yana iya jawo farfaɗiyar da ba ta sakin mutum, wadda take kai shi ɗakin gaggawa, kuma kwana biyu a can sun fi kuɗin maganin watanni. Idan wanda aka rubuta masa ya fi ƙarfinku, kamar yadda levetirasetam yake fin ƙarfin mutane da yawa, ki faɗa wa likita baki da baki, ba tare da jin kunya ba. Akwai masu sauƙin kuɗi irin su karbamazefin da fenobarbital, kowanne da nasa illolin, kuma likita ne zai auna ko ɗaya daga cikinsu ya dace da shi, ya kuma tsara yadda za a sauya a hankali. Maganin da za a iya saye kowane wata ba fashi ya fi amfani a kan mai tsada da ake sha ana yankewa. Ku saya a farmasi ko a asibiti, domin na kan tebur a kasuwa ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma zafin Garwa na Maris da Afrilu yana lalata magani idan aka shanya shi a rana. Tunda ya faɗi sau biyu bayan tiyata, wannan kansa dalili ne na komawa ga likita a duba ko adadin da yake sha ya isa. Idan har yanzu yana shan deksametazon, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, shi ma ba a yanke shi lokaci guda, kuma yana iya tayar da sukari a jini ya raunana cinyoyi. Kafin azumi kuma a yi magana da likita kan lokutan sha. Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, kuma malaminku zai yi muku bayanin ramuwa ko ciyarwa.

Yanzu batun tuƙi. Na san cewa ga direba hannunsa a kan sitiyari shi ne mutuncinsa, kuma faɗa masa ya haƙura ba ƙaramin abu ba ne. Amma farfaɗiya ba ta sallama kafin ta shigo, kuma babbar mota ɗauke da kaya a gangaren dutsen da ke tsakanin Ngaundare da Garwa ba ta buƙatar fiye da daƙiƙa kaɗan ta hallaka mutane. A ƙasashen Tarayyar Turai mai farfaɗiya yakan jira shekara guda ba tare da ya faɗi ba kafin a bar shi ya tuƙa ƙaramar mota tasa, babbar mota ko bas kuwa sai ya yi shekara goma ba faɗuwa kuma ba ya shan magani. Ba dokarmu ba ce, amma tana nuna yadda likitocin da suka auna haɗarin suke kallonsa. A ganina ya kamata ku yi lissafinku a kan cewa tuƙin babbar mota ya ƙare masa, idan Allah ya sa daga baya likita ya ce akasin haka, sai ya zama riba. Kuma kada a ce tunda ya bar babbar mota sai ya ja babur yana ɗaukar fasinja a cikin gari, domin haɗarin ɗaya ne, sai dai yawan waɗanda zai shafa. Haka nan hawa gini, aiki kusa da wuta ko injin niƙa, da shiga kwale-kwale a kogin Binuwai ko tafkin Lagdo. Akwai kuma abin da ake mantawa da shi: wasu bayan tiyata sukan rasa ganin gefe ɗaya ba tare da sun sani ba, sai a ga suna cin karo da ƙyauren ƙofa ta ɓangare guda kullum. Likitan ido yana iya auna wannan.

Gajiya da mantuwar da kika ambata su ne ɓangaren da mutane ba sa gani, shi ya sa suke jawo ɓacin rai. Ɗinkin kansa ya warke, gashi ya rufe tabon, ya sa hula ya fita masallaci, kowa ya ce ai ya warke. Amma a cikin gida ke kike ganin yadda yake kirga canji sau uku, yadda zai aiki yaro ya manta abin da ya ce a sayo, yadda bayan azahar ba ya iya bin zance idan mutum biyu suna magana a lokaci guda. Wannan daga ƙwaƙwalwa yake, wani lokaci kuma maganin farfaɗiya yana ƙara shi. Idan ƙarin ya kasance a gaban kai, hali ma yana iya sauyawa, mai haƙuri ya zama mai saurin fushi, ko mai himma ya zauna ba ya fara komai sai an tashe shi. Yawancin sauƙin da ake samu yana zuwa ne a cikin shekarar farko, don haka wata huɗu ya yi wuri a yanke hukunci a kan abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Wannan ma wani dalili ne na ƙin sa hannu a kan komai a yanzu.

Dokar ƙwadago ta Kamaru, mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agusta 1992, ta yi magana a kan halin da yake ciki. Sashe na 32 ya ce idan ma'aikaci ya daina zuwa aiki saboda rashin lafiyar da likitan da aka amince da shi ya tabbatar, kwantiraginsa yana tsayawa ne kawai, bai mutu ba, har tsawon wata shida, kuma wa'adin yana ci gaba har sai an ɗauki wani a madadinsa. Ma'ana, a cikin wata shidan nan rashin lafiya ba dalilin kora ba ne. Amma ki lura da inda ake fara kirge. Kin ce wata huɗu da tiyata, alhali wanda yake da ƙari a kai yakan daina aiki makonni kafin a kai ga tiyata, lokacin ciwon kai da yawon neman hoto. Daga ranar da ya daina zuwa aiki ake lissafi, saboda haka mai yiwuwa abin da ya rage muku bai kai wata biyu ba. Ki duba yau ko akwai takardun hutun likita da suka rufe dukkan kwanakin ba giɓi, da kuma shaidar cewa kamfanin ya karɓe su. Kowace takarda za ku kai, ku riƙe kwafi a buga muku hatimi da kwanan wata a kai. Da yawa sun rasa haƙƙinsu ne saboda sun sanar da shugaban gareji ta waya kawai, daga baya aka rubuta cewa sun gudu daga aiki.

Dokar ba ta tilasta wa kamfani biyan albashin dukkan watannin ba. Sashe na 33 ya ɗora masa biyan abin da ya yi daidai da wa'adin sanarwar sallama, wanda ga ma'aikacin da ke rukunin albashi na ɗaya zuwa na shida kuma ya wuce shekara biyar a aiki wata biyu ne. Idan kuma kamfanin ne ya sallame shi ba bisa babban laifi ba, sashe na 37 ya ba duk wanda ya cika shekara biyu haƙƙin kuɗin sallama, kuma ƙa'idar da ma'aikatar ƙwadago ta fitar a 1993 ta sa kashi 20 cikin ɗari na matsakaicin albashin wata ga kowace shekara a biyar ɗin farko, kashi 25 daga ta shida zuwa ta goma. Ga shekara takwas, lissafin ya kama albashin wata ɗaya da kashi uku cikin huɗu na wata. Ba dukiya ba ce, kuma yarjejeniyar ƙwadago ta fannin da yake aiki tana iya ba shi fiye da haka, amma wanda ya rubuta da hannunsa cewa ya ajiye aiki ya yafe wannan haƙƙi, ya kuma raunana duk wata ƙara da zai shigar daga baya. Wannan ne dalilin da ya sa wasu masu kamfani suka fi son takardar ajiye aiki. Ku je ofishin sufeton ƙwadago na Garwa da takardun albashi da na likita. Ba a biyan kuɗi, shi zai kira ɓangarorin biyu ya yi sulhu, kuma doka ta sa sai an bi ta wurinsa kafin a je kotu. Idan za a daidaita a kan wani kuɗi, a daidaita a gabansa a rubuce.

Abin da ya fi kuɗin sallama daraja shi ne a bar shi a cikin kamfanin a wani gurbi. Mutumin da ya yi shekara takwas a kan hanyar Njamaina ya san direbobi, ya san kayan gyara, ya san yadda ake ɗaure kaya da inda ake cuta a lissafin mai, kuma wannan sani yana da amfani a sito ko a wajen lodi. Ya rubuta buƙatar sauyin gurbi, ya haɗa da takardar likita, ya nemi farawa da rabin yini. Dokar kare naƙasassu mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 ta hana nuna wariya a aiki saboda naƙasa, kodayake ba zan ɓoye miki cewa tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi akwai tazara ba. Aiki ɗaya nake so ku ƙi, kuma shi ne wanda ake fara miƙa wa duk wanda ya raunana: gadin dare. Rashin barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, kuma mai gadi shi kaɗai yake kwana.

Sai hukumar fansho ta CNPS. Ba ta biyan kuɗin jinyar ciwon da ba aiki ne ya jawo shi ba, amma tana da fanshon naƙasa ga wanda bai kai shekara 60 ba, idan likitoci suka tabbatar ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfin neman abincinsa, ya yi aƙalla shekara biyar da rajista, kuma an zuba masa kuɗin wata shida a cikin wata goma sha biyun da suka gabaci naƙasar. Fanshon yana farawa daga kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin albashi, kuma ana ƙara wani abu ga wanda ba ya iya kula da kansa sai da mataimaki. Ban ce maigida zai cika sharaɗin kashi biyu cikin uku ba, wannan hukuncin likitocin hukumar ne, kuma ina fatan sauƙin da zai samu ya sa ba ya buƙatarsa. Amma ki je ofishinsu da lambar rajistarsa ki nemi a fitar muku da lissafin abin da aka zuba masa, domin yakan faru a riƙa yanke wa ma'aikaci kuɗi a takardar albashi ba a kai wa hukuma ba, kuma gyara wannan ya fi sauƙi tun yana cikin kamfanin. A ofishin ma'aikatar jin daɗin jama'a kuma ana neman katin naƙasa, wanda amfaninsa mafi kusa shi ne sauƙin kuɗin makarantar gwamnati ga 'ya'yan naƙasasshen da ba shi da hali.

Na san mafi yawan masu karanta wannan amsa ba su da kamfani balle takardar albashi, domin kusan tara cikin goma na masu aiki a Kamaru ba aikin albashi mai rajista suke yi ba. Ga mahauci, da tela, da mai sayar da albasa a Marwa, da manomin auduga, ranar da ya kwanta ita ce ranar da kuɗi ya daina shigowa. Tun 2014 CNPS ta buɗe rajistar sa kai ga irin waɗannan, amma wannan tanadi ne na mai lafiya, ba ya ceton wanda ciwo ya riga ya kama. Abin da zan ce musu, kuma ya shafe ki ke ma, shi ne a bambanta kadarar da ke ajiye da kadarar da ke ciyarwa. Fili da ba a gina ba, ko zinariya, idan dole ta kama a sayar. Keken ɗinki, shanun huɗa, rumfar kasuwa da babur ɗin haya kuwa su ne za su sayi maganin shekara mai zuwa, don haka a ba wani amintacce ya riƙa aiki da su ana raba riba, ko da abin da zai shigo rabin na da ne.

Akwai asarar da ba a rubutawa a kowane rasit, ita ce taki. Matar da ke jinya ta bar ƙosanta ko ɗinkinta, adashinta ya tsaya, kuma sau da yawa babbar 'ya ce ake cirewa daga makaranta ta zauna da mahaifinta. Ina roƙon kada a yi haka. Mutumin da yake tafiya da ƙafarsa ba ya buƙatar a tsare shi dare da rana. Abin da yake buƙata shi ne kowa a gidan ya san abin yi idan ya faɗi: a kwantar da shi a gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin halin, kuma idan abin ya kai minti biyar bai sake shi ba a garzaya asibiti. Idan yara da maƙwabta sun san wannan, ke ma za ki iya komawa sana'arki, kuma a yanzu sana'arki ce ginshiƙin gidan.

Game da bashi, ki zauna da wani babba a dangin maigida a rubuta kowa da abin da yake bi, a fara da wanda yake ƙaruwa ko aka jinginar da wani abu a kansa. Kada a ci sabon bashi mai ruwa don a biya tsohon da ba shi da ruwa, ko da mai shi yana yawan aike. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: ranar tiyata waya ba ta hutawa, kowa yana turo abin da ya samu ta Orange Money ko MTN, wata huɗu bayan nan kuwa sai shiru, kuma ba lallai rashin tausayi ba ne, mutane sun ɗauka an gama. Ya fi amfani a nemi mutum uku ko huɗu kowanne ya ɗauki abu ƙayyadadde, wannan maganin wata-wata, wancan hoton shekara, da a riƙa bin jama'a da roƙo duk lokacin da aka shiga matsi. Kuma wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, saboda haka zuwa wurin limami da wannan magana neman haƙƙi ne. Addu'a ba ta cin kuɗi, a yawaita ta. Amma mai maganin da ya ce iska ce, a kawo rago da jaka hamsin, a kuma daina ƙwayoyin asibiti, yana ɗaukar kuɗin da ya kamata ya sayi hoton da zai nuna ko ƙarin yana dawowa.

Za a samu masu cewa a kai shi Indiya, ko Masar, ko Tunisiya a sake dubawa. Ga meninjiyomar da aka riga aka cire, ba na ganin abin da wannan tafiya za ta ƙara wanda ya kai kuɗinta, sai idan likitansa ne ya ce akwai wani aiki takamaimai da ba a yi a nan. Maganar ta bambanta ga masu ƙari mai tsanani irin giliyoblastoma, wanda yake mataki na huɗu, inda ko da an yi tiyata, an ƙona da haske na mako shida, an sha maganin sankara temozolomid na watanni, yawanci tsawaita kwana ake yi ba warkarwa ba. Irin waɗannan iyalai suna da haƙƙin su tambayi likita kai tsaye abin da kowane mataki zai saya musu kafin su sayar da gidan da marayu za su zauna. Maigidanki ba ya cikin wannan rukuni bisa abin da kika rubuto.

Kusan duk ƙofofin da na ambata takarda ɗaya ce take buɗe su, ita ce wasiƙar likitan da ke bibiyarsa, kuma likitoci saboda yawan aiki sukan rubuta layi biyu su ce mara lafiya yana samun sauƙi, wanda kamfani zai karanta a matsayin izinin komawa kan mota. Idan kuka je, ki roƙi a rubuta sunan ciwon da ranar tiyata, da ranar da ya daina aiki, da cewa ya yi farfaɗiya bayan tiyata yana kuma kan magani, da cewa an hana shi tuƙi da aikin dare da aiki a wuri mai tsawo, sannan a faɗi irin aikin da zai iya da sa'o'i nawa a rana, da ranar da za a sake duba shi. Ki rubuta ranakun da ya faɗi da tsawon kowace faɗuwa a littafi, ki tafi da shi, domin shi ba zai tuna ba, likita kuma bai gani ba. A yi kwafi uku, ɗaya ga kamfani, ɗaya ga sufeton ƙwadago, ɗaya ga CNPS, asalin kuma ya zauna a hannunki tare da rahoton tiyata da faya-fayan hotunan.